Ragowar Tukunyata a Lambun Yaya Hajo

Ku 'ya'yana da jikokina, akwai wata magana da na sha jin kuna yi da dariya idan kun taru a tsakar gida ranar Sallah, wai ni da Yaya Hajo mun taɓa shafe damina guda ba ma ga-maciji saboda ɓawon albasa. Ban taɓa tanka muku ba. Amma tunda na zauna rubuta abin da na gani a duniya, ita kuma Yaya ta riga mu gidan gaskiya ba za ta iya faɗin nata ba, ya kamata ku ji yadda abin ya kasance. Ɓawon albasa yana ciki, ba na musu. Sai dai ruwa ba ya tsami banza.

Auwalu shi ne ɗana na fari. A takarda ina iya rubuta sunan, a baki kuwa har yau harshena ba ya ɗauka. Haka muka taso muka tarar a Zango: mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama ta yi hira da shi. Ranar da aka yaye shi, Yaya Hajo, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ta zo ta goya shi ta tafi da shi gidanta da ke bakin tasha, can ɗaya gefen gari. Allah bai ba ta haihuwa ba, kowa ya ce an yi daidai. Ni ma na ce an yi daidai, ina cikin ɗaki ƙirjina ya cika yana zogi. Yaron ya tashi yana kiranta Inna, ni kuma Inna Ƙarama. Ta riƙe shi riƙon da ko ni ban isa in yi ba, wannan ku sa shi a ranku kafin ku ji sauran.

Shekarar da nake magana, ba a daɗe da dawo da Shari'a ba. An buɗe wa matan aure makarantun Islamiyya unguwa-unguwa, mu da ba ma taka ƙofar gida sai biki ko rasuwa muka samu hijabi da dalilin fita da yamma. A kakar wannan shekara Auwalu ya gama makarantar koyon aikin gona ya dawo, babu aiki. Mijin Yaya ya daɗe da rasuwa, su biyu ne a gidan, ba su da ko tunkiya balle a tara taki a turke. Takin zamani kuwa ya yi tsadar da manyan manoma ma suna kuka. Sai yaron ya ce zai yi nasa takin da abin da ake zubarwa daga madafa. Amma me mutum biyu za su rage? Mu a nan gidan Malam, mahaifinku, tukunya ba ta sauka daga murhu: ga ku, ga 'yan uwansa da ke zuwa daga Baure ranar kasuwa, ga masu kawo masa hatsi daga garin Babban Mutum da ba sa tafiya sai sun ci. Shi ya sa wata rana da la'asar na ji tsayuwar babur, sai ga yaron ya yi sallama riƙe da bokiti.

Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni, na amsa ina kallon bango kamar yadda aka saba, na shige madafa. Ke Ramatu, kina budurwa a lokacin, ke kika zama bakina da kunnensa. Ya juya turmi ya zauna yana yi miki bayani, ni kuma ina bayan zana ina ji. Ya ce akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, irin waɗanda ke mayar da madara ta zama kindirmo. Idan aka ajiye ruwan wankin shinkafa ya yi tsami, aka zuba shi a madara ta kama, sai a tace ruwan da ya kwanta a ƙasa, a narka mazarƙwaila a ciki don su samu abin ci, a yayyafa wa dusa, a ɗaure ta a leda ta kwana biyu. Wannan dusar ita ce maganin. Duk ragowar da aka zuba a bokiti, a barbaɗa mata, a danne da hannu iska ta fita, a rufe ruf. Ba ruɓewa zai yi ba, tsami zai yi. In bokitin ya cika ya huta kamar mako biyu, sai a haƙa rami a binne, ƙasa ta ƙarasa aikin. Ya huda gindin bokitin ya ɗora shi cikin wani, ruwan da ke tsiyaya a ƙasa a tsinka shi da ruwa mai yawa a ba shuka. Ke kina dariya kina toshe hanci, shi kuma ya ɗan ɗaga murya.

"Ki ce wa Inna Ƙarama kada a zuba ruwan wanke-wanke a ciki. Jiƙa ce ke ɓata shi."

"Ki ce masa na ji," na faɗa, alhali tsakanina da shi zana ce kawai.

Daga ranar kullum sai ya zo. Ku fahimci abin da nake faɗa. Yaron da nake gani Sallah zuwa Sallah, ko in wani ya rasu, yanzu ga shi a tsakar gidana kowace la'asar. Na san tarinsa, na san yadda yake jan takalmi kamar Malam, na gane ba ya son yaji don in kika miƙa masa ƙosai sai ya kakkaɓe. Na riƙa tara masa komai: ɓawon albasa da na dankali, ƙanzon tuwo, ganyen kabeji, ɓawon ƙwai, ƙayar kifi, shinkafar da ta kwana. Awakina da suka saba cin wannan gara suka koma kuka a turke, ban kula su ba. Kabewa kuwa na riƙa fere ta da kauri don bokitin ya yi nauyi, ya daɗe yana dannawa. Har Malam ya lura, wata rana ya tsaya a kaina ya ce yau dai miyar taushe a bokiti aka yi ta, mu ɓawo aka ba mu. Na yi kamar ban ji ba.

Da rani ya shigo aka fara maganar lambun. Filin da ke bayan ɗakin Yaya rairayi ne zalla, wanda ko tafasa ba ta son fitowa a ciki. Nan ya yi ta binne abin da yake ɗauka daga gidana, yana ba shi ruwan rijiya. Sai ga alayyafo ganye kamar tafin hannu, ga tumatir ya yi nauyi har sai da aka tokare shi da kara, ga tattasai, ga kuɓewa. Mata suka riƙa biyawa in an tashi daga makaranta don su gani da idonsu. Kowa ta dawo sai ta ce, Binta, kin je kin ga aikin Hajo da ɗanta? Ɗa mai albarka, Allah ya ba mu irinsa. A gabana suke faɗa, kuma ba da mugunta ba, don sun manta. Gari gaba ɗaya ya manta wa ta yi naƙudarsa. Ni sai in ce amin, in gyara hijabi.

Wata safiya Yaya ta aiko mini da kwando cike, an rufe shi da ganye, da saƙon cewa ga ɗanɗano daga lambun ɗanta. Na zauna ina kallon tumatirin nan jajur. Na san abin da ya ci ya yi wannan ja, daga hannuna ya fita. Na yi miya da shi, kowa ya ci yana santi, ni na ce cikina ba daɗi. Na sha tambayar kaina ko hassada ce, don malamarmu ta yi mana karatu a kanta har jikina ya yi sanyi. Amma ban taɓa so lambun ya bushe ba. So nake kawai sau ɗaya wani ya buɗe baki ya haɗa sunana da nasa. A makarantar ma abin bai bar ni ba. Ranar da malama ta yi magana a kan almubazzaranci, sai ta ba da misali da Yaya, ta ce ku dubi baiwar Allah nan, ko ƙanzo ba ya tafiya banza a gidanta. Ƙanzon wa? Wata rana kuma malamar ta ce wannan kunyar ɗan fari da muke yi al'ada ce, ba ta cikin addini, uwa ta kira ɗanta ta sa masa albarka. 'Yan matan amare suka yi ta gyaɗa kai. Ni da na yi shekara ashirin da wani abu ina haɗiye sunan, ban san ta inda zan fara ba.

Da bazara na yanke shawara. Na ce tunda na iya kindirmo tun ina yarinya, kuma duk bayanin yana kunnena, ni ma zan yi. Na ajiye ruwan shinkafa, na sa aka sayo mini madara a wurin Fulani, na yi dusata. Na samo bokitai masu murfi na jera a bayan ɗaki. A raina na tsara komai: yaron zai zo a ce masa babu ragowa, zai tambaya me za a yi da ita, Ramatu ta kai shi ya gani, daga nan zai riƙa zuwa duba nawa, yana gyara mini, ya haƙa mini rami a gidan da aka binne cibiyarsa. Sai mutane su ce Binta da ɗanta. Da ya zo na sa ke Ramatu kika ce masa daga yau ana bukatar ragowar a gida. Na kasa kunne ina jiran tambayar.

"To, babu komai. Ki yi mata godiya, na ɗora mata nauyi da yawa."

Abin da ya faɗa ke nan. Na manta cewa shi ma kunyar aka koya masa, ba zai tambayi dalilina ba. Ya ɗan zauna a kan turmin yana juya murfin bokiti a hannu, sannan ya tashi. Ya sake zuwa sau ɗaya ko biyu, ya tsaya a zaure ya gaida Malam ya wuce, don saurayi ba ya shiga cikin gida haka kawai ba da dalili ba. Daga nan ƙafa ta ɗauke. In la'asar ta yi, duk babur ɗin da ya wuce sai hannuna ya tsaya a kan abin da nake yi. Takina kuwa ya yi kyau, kamar da gayya. Na buɗe murfi na ji ƙamshin tsami irin na gasara, ga farar fumfuna a sama kamar yadda ya ce alama ce ta lafiya, babu tsutsa ko ɗaya. Na binne, na shuka, ruwan farko ya sauka, alayyafona ya tashi. Babu wanda ya zo gani.

Yaya ce ta zo, ranar wata Alhamis da hantsi. Ba ta zauna a tabarmar da na shimfiɗa ba, ta zaga bayan ɗaki kamar an gaya mata, ta tsaya a kan bokitaina da kunyoyin da na ja. Ta daɗe tana kallo.

"Binta, ashe nan ragowar take zuwa."

"Tukunyata ce, Yaya."

"Ban ce ba taki ba ce. Tukunyar kaɗai kike nufi?"

Abin da na danne tun ranar yaye ya taso mini. Ban ɗaga murya ba, amma na faɗa. Na ce mata na ba ta yaro ban ce uffan ba, na ji yana kiranta Inna ban ce uffan ba, yanzu har ɓawon kabewar gidana sai ya bi ta hannunta kafin ya yi albarka? Na ce ita ake yabo a makaranta, ita ake yi wa barka, ni kuwa an mayar da ni juji. Ta bar ni na gama. Sannan ta yi magana a hankali, ba ta dube ni ba.

"Masu tuwo-tuwo na tasha a bakin ƙofarmu suke. Abin da suke zubarwa a wuni, gidanki ba ya tara shi a mako. Tun farko na ce masa ya karɓa a wurinsu, ya ce nasu mai ya yi yawa. Yanzu nasu yake karɓa, kuma man bai hana komai ba. Kina tsammani ban san abin da yake ratsa gari yana nema ba?"

Na dafa bango. Ita kuwa ba ta gama ba.

"Kullum ya ɗaura bokitin nan a babur, sai in ji kamar ana zare mini wani abu a ciki. Ranar da ya dawo da shi wayam, Allah ya yafe mini, daɗi na ji."

Da ina da hankali a lokacin da na rungume ta, don ashe ciwo ɗaya muke yi. Amma kalmar daɗin nan ce ta tsaya mini a rai. Na ce mata ta sani ta yi shiru, ta bar ni na kore shi da hannuna. Ta ce in gaya miki don ki karɓe shi? Ke kina da 'ya'ya cike da gida, ni shi kaɗai ne. Ta ja mayafinta ta fita, ruwan da na kawo mata yana nan a kwano ba ta taɓa ba. Wannan ita ce daminar da kuke ba da labari.

Za ku ce me ya hana ni aikawa a kira shi, tunda na san gaskiya. Na yi niyya ba sau ɗaya ba. Har na cika bokiti na ajiye a bakin zaure, na sake mayar da shi. Da ban ji maganar Yaya ba, da na aika ba tare da tunanin komai ba. Amma yanzu na san duk la'asar da ya yi a gidana, wata tana can zaune ita kaɗai tana kallon ƙofa, kuma wadda ta goya ni ce kafin ta goya shi. Ina jin haushinta, kuma ba zan iya yi mata haka da sanina ba. Sai na zauna da kishina, ita ma ta zauna da nata, yaron yana tsakiya bai san laifin da ya yi ba. Malam ya yi mini magana sau ɗaya, ya ce ku mata biyu za ku tsufa a kan abin da ko akuya sai ta ga dama take ci. Na ce masa ba zai gane ba, ya ce ya fi ni ganewa, shi ma ɗansa ne.

Da aka fara yankan gero, aiki ya samu. Aka ɗauke shi malamin gona a can kudancin jiha, tafiyar wuni. Ya zo sallama da safe, ya durƙusa a inda ya saba. Ina shirin shigewa madafa sai Malam, wanda ba ya shiga sha'anin cikin gida, ya biyo shi har tsakar gida ya ce masa, taso ka ga aikin uwarka. Haka ya faɗa, uwarka, a gaban kowa. Suka zaga baya, na bi su daga nesa. Auwalu ya ɗaga murfi ya sunsuna, ya duba ruwan da ya tsiyaya, sannan ya tsuguna ya tona gefen kunya da yatsa. Ƙasar ta fito baƙa, tana warwarewa a hannunsa. Ya juya wajenki, Ramatu, kamar yadda muka saba, ya tambaye ki wa ya koya mini. Kafin ki buɗe baki na ji muryata ta fita.

"Kai ka koya mini. Ina bayan zana."

Tun yana goye ban yi masa magana kai tsaye ba sai ranar. Bai ɗago ba. Ya ci gaba da murza ƙasar a tafin hannunsa, na ga kafaɗarsa tana motsi. Can ya ce, shi ma ba ta bakin kowa ba, tasa dusar ta ƙare, ko zan sam masa ya tafi da ita. Na ɗaure masa duk abin da nake da shi. Da azahar mota ta tashi da shi, kuma tun daga lokacin bai sake zama a Zango ba sai dai ziyara. Watannin nan na bazara da damina, da zan iya samunsa kowace la'asar, ni na ba da su, kuma ba su dawo ba.

Da Yaya kuwa ba wanda ya sulhunta mu. Bayan tafiyarsa gwiwoyinta suka hana ta tsugunno, lambun ya fara komawa rairayi. Wata yamma na tashi daga makaranta na wuce can da dusa a ƙarƙashin hijabi, na tarar da ita zaune, na shiga bayan ɗaki na fara aiki. Ta ce ramin bai yi zurfi ba, na ƙara. Shi ke nan. Muka yi shekaru muna haka, ina kawo ragowa, tana zaune tana ba da umarni, muna raba abin da ya fito. Kada ku ɗauka kishin ya mutu. Da wayar hannu ta zo, ita yake fara kira, sai ta gama sannan ta miƙo mini tana cewa ga ɗana zai gaishe ki. In ya zo gari a gidanta yake sauka. Na koyi zama da abin kamar yadda ake zama da ciwon baya.

Ranar da ta rasu ya iso kafin a fita da ita. Ina cikin mata a ɗaki ana yi mini gaisuwar rashin 'yar uwa, shi kuma a waje ina jin maza suna ce masa an yi rashin uwa, sai haƙuri. Da aka ɗauko makara ta ratsa tsakar gida, na ji kukansa, babban mutum mai iyali, kuka irin na yaron da aka bari a kasuwa. Ina kukan yayata da gaske, Allah shaida ne. Amma a ƙarƙashin wannan kukan na ji tsohon abin nan ya motsa, na tambayi kaina ko ranar tawa zai yi irinsa. Ban sani ba, kuma ba zan kasance in ji ba. Ku da za ku kasance a wurin, ku bar shi ya yi yadda ya samu, kada ku auna.